Kilomitocin Nomau

Ku samarin da kuke zuwa ƙofar rumfarmu a Sabon Gari, hannu cikin aljihu, kuna tare mini haske, ga amsarku a rubuce, don na gaji da maimaitawa da baki. Kun ce gyaran agogon mota ba aiki ba ne: a kwance, a hura, a mayar. Ɗayanku ma ya ce tunda mace na yin sa, ai magana ta ƙare. To, ku karanta, tunda ku ma kun shiga lakwal, kun yi boko.

Agogon mota abu biyu ne cikin gwangwani ɗaya. Akwai allura mai nuna gudu, akwai lambobi masu ƙidaya nisan da mota ta yi tun fitowarta. Direbobinmu na ce masa kwantar, daga bakin Faransawa suka ɗauko. Mahaifina, Malam Garba Mai Agogo, ya ce sunan ƙarya ne, don bai taɓa ganin wanda abin ya kwantar wa da hankali ba.

Baba da gyaran fitila da kwaɗon ƙofa ya fara, ya koma agogon hannu, sannan wata rana wani Nasara mai sayen gyaɗa ya kawo masa agogon motarsa a hula, ya ce ko zai iya. Ya iya. Daga nan duk Maraɗi, har Tibiri da Jiratawa, wanda lambarsa ta tsaya nan yake zuwa. Ni kuwa ina kwalej a Yamai, na zo hutu na tarar idon Baba ya fara hazo, yana neman ƙusa da lalube alhali tana gabansa. Yayyena maza biyu ba mai son zama. Ban koma ba. Kada ku tambaye ni ko na ji haushi, ba shi ne zancen ba.

Aikin farko da ya ba ni wanki ne. Tasa da kananzir da gashin zabo, in wanke ƙananan ƙarafa in jera su a farin ƙyalle yadda na ciro su. Na yi watanni ban taɓa agogon mai kuɗi ba. Na ce masa, "Baba, ni fa na san lissafin da ya fi wannan." Ya ce, "Madalla. Rufe idonki." Ya sa mini wani ɗan faifai mai haƙora a tafin hannu, bai kai ƙwayar wake faɗi ba, ya ce in gaya masa wane haƙori ne ya cinye. Na kasa. Shi da ba ya gani ya shafa da farce sau ɗaya ya nuna mini. Na buɗe ido, na sa madubin ido ɗaya, haka ne. Na koma wanki.

Kayan aikin ba su da yawa: hantsaki, turnabis ƙanana na kwance ƙusa, magagari masu siririn tsinke, madubin nan, da man keken ɗinki. Abin da ke da yawa shi ne sanin inda ciwo yake kafin ka buɗe. Wata igiyar ƙarfe ce ke tasowa daga akwatin giya, tana juyawa cikin bututu, ta zo bayan agogo. In allura da lamba duk sun mutu, igiyar ce ta tsinke, ba ruwan agogo. In allura na rawa kamar mai zazzaɓi, igiyar ta bushe ko ta lanƙwashe. In allura na aiki lamba ta tsaya, ɗan faifan nan ne haƙoransa suka zube, kuma hanyoyinmu masu gargada su ke zubar da su. Kuma ba a ɗura wa agogo mai. Wani direban Tibiri ya taɓa jin nasa na kuka, ya tausaya masa ya ɗura masa man gyaɗa. Da na buɗe, kyankyasai na tarar da iyalinsu.

Masu kawo aiki kashi biyu ne: masu son a gyara, da masu son a rage. Na biyun sukan zo da fara'a da goro, su gaida Baba gaisuwa mai tsawo, sannan su sassauta murya su ce za a sayar da motar ne, ko za a ɗan mayar da lamba baya. Abu ne mai sauƙi, gangunan lambar kan sanda ɗaya suke, a zare sanda a juya. Baba kan ce, "In na mayar da lamba, wa zai mayar maka da ƙafafun motar da injinta?" Ni ba ni da wannan ladabin. Nakan miƙa wa mutum goronsa in ce ya gwada wani wurin.

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, mun ga abin da muka gani. Motoci suka hau duwatsu a ƙofar gidaje, an cire ƙafafunsu an ɓoye a ɗaka. Wanda bai da abin dakawa ba ya tunanin lambar mota. Muka koma liƙin fitila da gyaran kwaɗo. A wannan shekarar na koyi yanka faifai da hannu, don lokaci ne kaɗai muke da shi da yawa. Tsofaffin kwaɗuna na tagulla nake sarewa ina gogewa. Na ɓata abin da zai cika ƙoƙo kafin Baba ya shafa ɗaya ya yi shiru. Shirunsa shi ne yabonsa.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji, na motar Alhaji Idi mai zane da gyaɗa. Kamiyonet ce, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, ƙirar Ingila, tsohuwa ƙwarai. A nan ya saye ta hannun wani kantin Nasara, don haka agogonta da kilomita yake ƙidaya kamar na kowa. Direbanta Nomau ne, mutumin ƙauyukan bayan Jiratawa, dogo, mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Shi ya kawo mini agogon cikin tsumma, lamba ta tsaya. Na buɗe, faifan ya zama sumul. Na ce sai an yanka sabo, a ba ni mako.

Da yamma Alhaji ya zo da kansa.

"Malam Garba, ɗiyar nan taka mako ta ce? Agogo ne ko ginin soro?"

Na ce, "Alhaji, in ka fi ni sauri ga magagari."

Baba ya taka mini ƙafa. Alhaji ya tafi yana girgiza riga.

Dalilin gaggawarsa kowa ya sani. Alhaji bai iya boko ba, amma lamba ba a cutarsa da ita. Kullum safe yakan leƙa ya karanta agogo, da yamma ya sake leƙawa, ya san nisan da garwar isansi ɗaya, wato fetur, ke kai motar, kuma da wannan yake ba direba mai. Agogo ya tsaya, kamar an ɗaure masa ido ne. Kwana kaɗan sai ga shi ya dawo daga Katsina da wani agogon, irin nata sak, an ciro daga wata motar da ta mutu can. Wani bakanike a tasha ya ɗaura masa. Har ya biyo ta rumfarmu ya sa Nomau ya danna ƙaho.

"Ɗiyar Mai Agogo! Ki riƙe tsohon, na ba ki tukuici!"

Na jefa tsohon a akwati na manta da shi.

Kakar gyaɗa ta yi nisa, wata safiya sai ga Nomau a ƙasa, ba mota. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya daɗe yana kallon ƙasa. Labarin ya riga shi zuwa: jiya a tasha, gaban direbobi da ƴan dako, Alhaji ya karɓe makulli ya ce Nomau na zuƙe masa mai yana sayarwa. Mai na ƙarewa, lamba ba ta tafiya. Nomau Ba'anne ne, yana kan al'adar iyayensa. Ya ce a kawo gatarin aradu ya rantse. Alhaji ya ce shi bai san wannan rantsuwar ba, kuma ba ya ɗora wa wanda ba ya salla Alƙur'ani. Rantsuwar da Nomau ke da ita ba a karɓa, wadda ake karɓa ba a ba shi. Motocin garin nan kuwa kun san ba su da yawa, masu su duk wuri ɗaya suke zama. Direban da aka kira ɓarawo a tasha ya gama riƙe sitiyari.

Ya ce, "Malam Garba, ba roƙo ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya gare ni. Abin ga, yana ƙarya?"

Baba ya ce, "Mi ka gani?"

"Ni ban san lamba ba. Amma hanya na sani. Jiratawa ba ta matso ba, Tibiri ba ta matso ba. Tun da anka sa sabon ga, Alhaji na ce mani tahiyar ba ta kai ba."

Na ce, "Baba Nomau, allurar fa?"

Ya juyo. "Yawwa, ɗiyata, ita ma ta yi lalaci. Da can in na taka, tana wuce tsakiya. Yanzu ina takawa, itatuwa na gudu, buhuna na tsalle, ita tana nan ƙasa. Har Alhaji na yaba mani, wai na koyi hankali da tsufa."

Ku da kuka ce a hura a mayar, me za ku ce nan? Ni tunanina na farko maganaɗisun da ke jan allura ne ya yi sanyi. Baba ya ce a'a, maganaɗisu ba ruwansa da lamba, lamba haƙori ke tura ta. To me zai rage allura, ya rage lamba, lokaci ɗaya, kuma kullum daidai gwargwado? Ina ta juya hantsaki. Sai na ce, "A ina ma aka sayo shi?" Da bakina na ba kaina amsa. Katsina ƙasar Ingilishi ce. Su ba su san kilomita ba, da mil suke auna hanya, kuma mil biyar kilomita takwas ce. Wannan kam na zauna a aji an koya mini.

Na ja hannun Baba muka tafi gidan Alhaji, Nomau na biye da mu daga nesa. Motar na ƙofar gida, ana ɗora mata gishiri za a kai Tibiri, sabon direba bai iso ba. Ban jira an ba ni izini ba, na leƙa na goge gilashin da bakin zane. Ga ƴan haruffa nan ƙanana ƙarƙashin allura, na Ingilishi, rabinsu ya kankare.

Na ce, "Alhaji, agogonka da mil yake ƙidaya."

Ya leƙa. "Ɗaya, biyu, uku. Lambar Nasara duk ɗaya ce. Ke dai haushi kike ji ban ba ki aiki ba."

"Ina jin haushi, amma ba shi ya hana ni karatu ba."

Baba ya shiga tsakani a hankali. "Alhaji, Tibiri za ka. Hanyar akwai duwatsun kilomita da aka dasa. Ba Nomau makulli yau ɗaya. Kai ka zauna gaba, idonka kan lamba. Mu muna baya, duk dutsen da muka wuce yarinya ta buga maka rufi. In dutse da lamba sun tafi tare, ni da kaina zan ce da Nomau ya koma gona."

Alhaji ya dubi Nomau, ya dubi rana, ya ga sabon direba bai zo ba, gishiri kuwa ba ya kai kansa kasuwa. Ya jefa masa makulli.

Muka hau kan buhuna, ni da Baba. Da muka fita gari, a dutsen farko Nomau ya tsaya, Alhaji ya karanta lamba da ƙarfi don kowa ya ji, muka tashi. Duk dutse in kai wa rufi mari. Rufin ya sha rana, tafin hannuna ya yi ja. Baba na riƙe da ƙarfen gefe, hularsa a cinya, yana ƙidaya da ni a hankali. Da na buga na takwas na yi ihu a tsaya.

Na diro na zagaya ta tagarsa. "Alhaji, nawa ta ƙaru?"

Ya sake leƙa lamba. "Biyar."

"Na buga nawa?"

"Na ji, ba kurma ba ne ni." Ya fito ya tsaya kan dutsen yana harararsa, har ya ɗan shure shi. "Duwatsun ga ƴan aikin tilas suka dasa su. Wa ya san ko sun auna? Mutum na jin yunwa ana tsaye kansa da bulala, inda ya gaji nan zai aje."

Baba ya yi dariya daga saman buhuna har da tari. Ni ban yi ba, raina ya gama ɓaci.

Na ce, "Alhaji, zanen da kake sayowa Kano, da me ake auna maka?"

"Da yadi."

"In ka zo nan da me kake sayarwa?"

"Da mita."

"Ranar da ka auna awo bai zo daidai ba, ka taɓa kiran zanen ɓarawo?"

Ya laluba aljihu. Ya ciro carbinsa, ba don salati ba, yana ja yana motsa leɓe, biyar takwas ce, goma sha shida ce. Injin na ta ƴar ƙara yana hucewa. Na ga lokacin da lissafin mai ya faɗa masa daidai, don hannunsa ya tsaya.

Ya ce, "Man ya yi daidai, har da ragowa." Sannan, ba tare da ya dube shi ba, "Nomau, riƙe makullin."

Nomau bai sauko daga mota ba, hannunsa na kan sitiyari. Ya ce, "Alhaji, nan daji ne. A tasha ka hwaɗi."

Washegari Alhaji ya je tasha, ya kuwa faɗa, amma irin tasa. Ya mayar da abin labarin ban dariya: wai ya kama ɓarawon mansa, ashe Ingilishi ne, mutanen da ko hanyarsu ta fi ta kowa tsawo. Aka yi ta dariya, aka tafa wa Nomau a kafaɗa. Nomau bai yi dariya ba. An wanke shi, amma bai ji kalmar da ya zo ji ba.

Aka dawo kan tsohon agogon da ke akwatina. Na sare tagulla daga gindin wani kwaɗo, na goge ta ta zama faifai, na huda tsakiya, na ɗora tsohon a kai na zana wurin kowane haƙori da bakin allura. Sannan magagari, haƙori ɗaya bayan ɗaya, kana yi kana hurawa kana gwadawa. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa kauri da ƙwayar yashi, lamba za ta yi tsalle ko ta cije. Na farko ya cije, na jefar. Na biyu Baba ya shafa ya yi shiru. Makon nan da Alhaji ya ƙi bayarwa, shi ɗin dai ya bayar.

Ranar ɗaurawa suka zo tare. Agogon na buɗe kan farin ƙyalle, ban rufe shi ba tukuna. Lambarsa na nan inda ta tsaya tun kafin kaka, duk tafiyar da motar ta yi da agogon Katsina ba ta ciki.

Alhaji ya leƙa ya yi murmushi. "Bar shi haka. Ba mu rage ba, ba mu taɓa ba, Malam Garba ba ka da abin cewa. Baɗi in na tashi sayarwa, kakar nan kyauta ce."

Gaskiya ne. Na ɗauki murfi. Sai Nomau ya ɗora yatsa a bakin teburin.

"Ɗiyata, dakata. Ki mayar mani da kilomitocina."

Alhaji ya ce, "Naka?"

"Ni na tuƙa su. Kaka guda, Jiratawa, Tibiri, har bakin iyaka, da rana da ruwa. An ce ban yi su ba. A sa su inda mai ido zai gani."

"Ka san abin da kake cewa? Duk lambar da ta ƙaru, darajar motata ke raguwa."

Nomau bai ɗauke yatsansa ba. Baba ya ɗaga kai sama kamar mai sauraren tsuntsu. Ni ina riƙe da murfi, hannuna ya fara gajiya.

Na ce, "Alhaji, ina da wani aikin. In rufe ko in juya?"

Ya daɗe yana kallon yatsan nan. Sannan ya faɗi lambar da agogon Katsina ke kai ranar da aka ɗaura shi, da ka, ba gargada, don bai taɓa manta lamba ba. Ya faɗi wadda yake kai yau. Ya ce, "Mayar da su kilomita ki sa masa. Kada ki rage ko ɗaya."

Na yi lissafin, na zare sandar, na juya gangunan gaba da hantsaki, na daidaita su layi ɗaya, na rufe. Tun da na fara sana'ar nan, masu neman in mayar da lamba baya ba su ƙidayuwa. Wanda ya nemi in tura ta gaba mutum ɗaya ne, kuma bai iya karanta ta ba. Da na ɗaura agogon, ya shafa gilashin da babban yatsa ya ce, "Suna ciki?" Na ce suna ciki. Ya tada mota.

Agogon Katsinan yana nan rataye a ƙusa bayan kujerar Baba, duk mai so ya zo ya nemo mini haruffan da kansa. Wanda kuma har yanzu yake son koyo, ya zo da safe, tasa da kananzir da gashin zabo na jiransa. Sauran ku, ku matsa mini daga haske.